Littafin fatsa: aya, daddawa da kifin kap

5 ga Afrilu 2025, Asabar

Azumi ya wuce, Sallah ta wuce, yau dai na fara abin da na daɗe ina cewa zan fara, wato fatsar kap, wani babban kifi da ake samu a tafki da kogi. Na yanki lasin na kamun kifi ta intanet, na shekara guda, sanda biyu, fam talatin da 'yan kai. A nan Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasin zai jefa ƙugiya a ruwa, in aka kama mutum babu shi tarar tana iya kaiwa fam 2,500, kuma wannan lasin na gwamnati ne kawai, mai tafki shi ma sai ka biya shi nasa daban. Koguna a rufe suke daga 15 ga Maris har 15 ga Yuni saboda kifi na zuba ƙwai, don haka tafki zan riƙa zuwa. Akwai wani tsohon rami da aka haƙi tsakuwa a bayan garin Peterborough ruwa ya cika shi, fam 12 ake biya a wuni, can na zaɓa.

Sanda biyu da ril na naɗe zare da raga da 'yar katifar da ake kwantar da kifi a kai duk na hannu na saya, fam 95. Abin da ya tsaya min a rai shi ne abincin kifin. Na shiga shagon kayan fatsa na ga bango guda cike da kwalabe, ƙamshin abarba, ƙamshin ayaba, ƙamshin kifin teku, wani ma Scopex sunansa ban san da me zan kwatanta shi ba, kuma boili kilo ɗaya fam 12 zuwa 13. Boili ɗin nan ba wani abu ba ne illa gari da aka kwaɓa da ƙwai aka mulmula kamar ƙananan dunƙulen fura aka dafa a ruwan zafi don bayansa ya yi tauri ƙananan kifaye su kasa cinyewa. Na ce wallahi wannan a kicin zan yi shi. Aikin kenan da zan riƙa rubutawa a nan.

9 ga Afrilu

Da daddare na koyi ɗaurin gashi. Su masu kamun kap ba sa soka abinci a jikin ƙugiya, wani siririn zare da ake kira gashi suke bari yana reto a ƙasanta a nan suke zura boilin, ƙugiyar tana tsirara. Kap tsotsar abinci yake yi, in bai yarda da shi ba ya furzar, to wajen furzarwar ne ƙugiya ke kama leɓensa na ƙasa. Kevin Maddocks da Lenny Middleton ne suka fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1970, har yau kowa ita yake bi. Yatsuna sun sha suka.

12 ga Afrilu

Kwaɓin farko. Samolina giram 250, garin waken suya giram 150, garin kifi giram 100, ƙwai 4, man girki cokali ɗaya. Wajen ƙamshi na daka daddawa ƙwaya biyu na zuba, da barkono rabin cokali. Dalilina na sa daddawa, na ga Turawan nan suna sayen wani ruɓaɓɓen jatan lande na Malesiya da ake kira belacan su goga a cikin kwaɓinsu, kuma akwai wani jan gari Robin Red na kamfanin Haith's, asalinsa abincin tsuntsu ne mai barkono, sun yi shekara da shekaru suna kama kap da shi. To in ruɓaɓɓen abu da yaji kifin ke so ai mu ba a bar mu a baya ba.

Ana fasa ƙwan a haɗa shi da mai da daddawa tukuna, sannan a riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan har ya daina manne wa hannu. Mulmulawar ce azaba, rabin kilo ya ci min awa biyu, wasu sun fito manya wasu ƙanana. Na tafasa su minti ɗaya da rabi, kaɗan-kaɗan don kada ruwan ya huce, na baza a kan tawul. Uwargida ta shigo ta tsaya bakin ƙofa ta ce, Malam, daddawar miyata ce ka ba kifi? Na ce aro na yi. Ta ce to tukunyar nan ta zama taka har abada, kuma ka buɗe taga. Da gaskiyarta, garin kifi in ya ji zafi warinsa sai ya kwana a labule.

Kuɗin da ya tafi bai kai fam 3 ba.

19 ga Afrilu

Wuni guda a bakin ruwa ban kama komai ba, amma ba a nan matsalar take ba. Duk sanda na jawo zare sai in ga gashin fayau babu boili, ko kuma saura ɗan guntu an gwagwiye shi ta ko'ina. Da farko na ɗauka laushi ya yi ya narke. Wani dattijo Bature da ke zaune nesa kaɗan da ni, shekararsa sun kai 70, ya zo ya karɓi guntun ya juya shi ya ce jatan lande ne, irin manyan nan masu hannun almakashi, 'yan asalin Amurka, an shigo da su a shekarun 1970 don a riƙa kiwo suka tsere suka cika ruwan ƙasar. Ya ce duk abin da ke da warin kifi kafin rabin awa sun gama da shi, balle nawa da kwana ɗaya kawai ya yi yana shan iska. Ko dai in busar da boili har ya yi kamar dutse, ko in koma abin da ba sa iya fasawa. Sai ya buɗe wani ɗan bokiti ya nuna min.

Aya ce. Aya dai tamu, manya-manya, a jiƙe cikin wani ruwa mai yauƙi. Na yi dariya har mutumin ya tsargu, na ce masa da ita na girma, muna ci ɗanya muna yin kunu da ita. Ya ce shi bai taɓa sa ta a baki ba, ya san dai a Sifen ana yin abin sha da ita. Ya ja min kunne sosai a kan abu ɗaya, ba a jefa busasshiyar aya a ruwa, sai an jiƙa an dafa, don in kifi ya haɗiye ta a bushe tana kumbura a cikinsa, shi ya sa tafkuna da yawa suka hana ta kwata-kwata. A wannan tafkin an yarda amma kaɗan.

Sanyi ya kama ni sosai wajen la'asar duk da rana ta fito. Sai na nemi safa mai kauri.

22 ga Afrilu

Na sayi aya kilo ɗaya a shagon 'yan Afirka a Lincoln Road, fam 6. A shagon fatsa 'yar kwalba dafaffiya ta kusa wannan kuɗin. Na jiƙa.

24 ga Afrilu

Ta yi sama da awa 24 a ruwa, na dafa minti 30 da suga cokali uku, na juye a bokiti da ruwan dahuwarta na rufe na kai bayan gida. Dattijon ya ce a bar ta kwana biyu uku har ruwan ya fara kauri yana tsami. Sabon boili ma na yi, wannan karon na rage garin kifi, na zuba su a ragar albasa na rataye a gareji.

26 ga Afrilu

Yau na sha wahalar PVA. Wata leda ce da ke narkewa a ruwa, ana cika ta da abinci a sa ƙugiya da dalmar da ke nutsar da ita a ciki a jefa gaba ɗaya, in ta isa ƙasa sai ta narke ta bar tsibin abinci da ƙugiyar a tsakiya. Akwai mai kamar raga akwai mai kamar ledar ƙanƙara. Na sayi fakitin mai ledar fam 4. Na ɗebi aya daga bokiti na zuba, kafin in kai ga ɗaure bakin ledar ta zama majina a hannuna, ayar ta watse a ƙasa. Ta biyu na goge ayar da tawul, ta riƙe har na ɗaga sanda, ina lilo zan jefa gindinta ya ɓalle, dalma ta tafi ruwa abinci ya zubo min a ka. Sannan aka fara yayyafi, abin da aka yi makonni ba a gani ba a bazarar nan, fakitin yana buɗe a kan ciyawa, sauran ledojin duk suka manne da juna. Fam 4 ta tafi a banza.

Abin da na fahimta daga baya, ruwa ko ɗigo ɗaya ne maƙiyinta amma mai ba ya narkar da ita, gishiri mai yawa ma yana hana danshi cin ta. Don haka aya sai an tsane ta sosai, a birkiɗa ta da gishiri ko a shafe ta da mai, hannu a bushe, ƙugiya da dalma ma in sun fito daga ruwa sai an goge su an tsoma cikin busasshen gari. Na ƙarasa wunin da aya biyu a gashi ina watsa 'yar kaɗan da hannu. Kajin ruwa suna nutsewa suna kwashewa ina kallo. Jatan lande dai ba su taɓa ayar ba.

29 ga Afrilu

Gwaji a gida cikin bokiti. Na daka ƙuli-ƙuli na haɗa da daddawa da dakakkiyar aya, shi ne garin cika leda. Yadda ake cikawar ma sai an koya: gari kaɗan a gindi, a kwantar da ƙugiya da ayarta a kusurwa ɗaya, a ƙara gari, a sa dalma a tsakiya, a cika, sannan a riƙa bubbuga ledar a tafin hannu har garin ya zauna ya yi tauri, a murɗe baki, a lasa kaɗan a manne, kusurwoyin ƙasa ma a lasa a naɗe su ciki. A ƙarshe a huda ta da allura wuri uku huɗu, in ba haka ba iska na ciki sai ta yi ta yawo a saman ruwa. Zaren ƙugiya gajere, inci 4 ya isa. A ruwan famfo mai sanyi ta fi minti ɗaya kafin ta buɗe, a ruwan ɗumi kafin ka ƙirga 20 ta tafi.

3 ga Mayu

Mai gadin tafki ya zo karɓar kuɗi ya leƙa bokitina ya tambayi mene ne wannan garin. Na ce masa tunkuzar gyaɗa ce da aka matse mai aka soya. Ya ce a'a, gyaɗa ko ta wace siga an hana a nan, yana rubuce a allon ƙofa. Na yi masa bayanin cewa niƙaƙƙiya ce kuma soyayya, ba za ta kumbura a cikin kowa ba, ya ce ya yarda da ni amma in ya bar ni gobe wani zai zo da buhun ɗanyar gyaɗa ya ce shi ma garin ne. Ban ja ba, tafkinsu ne. Sai dai ledoji 10 da na kwana ina ɗaurawa duk da ƙuli-ƙuli ne, haka na mayar da su mota. Na wuni da aya zalla, ba ko motsi. An yi zafi sosai a farkon makon nan, kifayen suna kwance a saman ruwa can tsakiya baƙi-baƙi suna shan rana.

6 ga Mayu

Me zai maye gurbin ƙuli-ƙuli? Na gwada garin kwaki. Masu kamun kap a Amurka suna da wata hanya ta daban, ba sa damuwa da leda, suna kwaɓa alkamar oti ko garin burodi da masarar gwangwani da ruwanta su dunƙule shi a jikin dalma, in ya sauka ƙasa ya warware. A nan ma akwai irin wannan, dalma ce mai haƙarƙari da ake danna kwaɓi a kai. Garin kwaki zalla ya yi danƙo da yawa, na bar shi a bokiti minti 20 yana nan dunƙule bai ko motsa ba. Da na yi kashi biyu garin burodi, kashi ɗaya garin kwaki, masara rabin gwangwani, daddawa, na bar shi ya sha ruwa ya gama kumburinsa tun a roba, sai ya riƙe a jifa kuma ya warware cikin minti 4 zuwa 5. Wannan nake nema. In ka matse shi da ƙarfi ya daɗe, in ka matse sama-sama ya watse tun a iska, hannu ne ke sanin daidai.

10 ga Mayu

Alhamdulillahi. Na iso bayan asuba, ban yi saurin kafa sanda ba, na zagaya tafkin tukuna kamar yadda dattijon ya ce in riƙa yi. A wani lungu ƙarƙashin bishiyar da ta sunkuyo kan ruwa na ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere suna matsawa a hankali, ruwan wurin ya ɗan yi ja-ja. Na dunƙula kwaɓin garin kwaki, aya ɗaya da ƙwayar masara ɗaya a gashi, na sauke shi a hankali bai fi taku 15 daga gaɓa ba. Ban gama zuba shayi ba ƙararrawar da ke nuna kifi ya ja zare ta ɗauka, sanda ta lanƙwashe, ril yana kuka. Sau biyu ya nufi saiwoyin bishiyar ina danne shi gefe, gwiwata na rawa. Da ya shiga raga na ga irin mai manyan ɓawo ne jefi-jefi a gefen jiki, sauran fatar sumul, cikinsa ruwan zuma. Laba 11, kusan kilo 5. Ƙugiyar tana tsakiyar leɓen ƙasa daidai, da yake marar ƙaya ce da yatsa na zare. Na jiƙa katifa, na ɗiga masa magani a wurin sukar, hoto biyu, na riƙe shi a ruwa har ya buga wutsiya ya tafi.

Da yamma na tura wa Hajiya hoton. Ta kira ta ce, to Allah ya sa albarka, miya za a yi ko suya? Na ce Hajiya ai na mayar da shi ruwa. Ta yi shiru ta ce, ka mayar? Na ce doka ce, kifin na mai tafki ne, in na ɗauka sata na yi. Ta ce kai da ka biya kuɗi, ka ba shi aya, ka kama shi, ka sake shi, to shi ya ci riba ai. Ban sami amsar da zan ba ta ba.

17 ga Mayu

Na sayi 'yar kwalbar ƙamshin abarba fam 7 da rabi don in gwada ta da daddawa. Sai da na karanta bayan kwalabe da kyau, wasu ƙamshin da barasa ake narka su, na ɗauki wanda ba ita. Haka naman gwangwanin da suke yankawa su sa a gashi, na alade ne, dattijon ya miƙo min na ce na gode.

Sanda ɗaya daddawa a lungun bishiya, ɗaya abarba a fili. Ta bishiya ta kama. Na musanya, abarba ta koma bishiya, ita ma ta kama. Ta fili ko motsi, sai wani faffaɗan kifi mai yauƙi da ya ɓata min raga. Dattijon yana ta dariya, ya ce kwalaben nan masunta suke kamawa tun a shago. Ya ba ni labarin Richard Walker da ya kama mai laba 44 a tafkin Redmire a 1952 da burodi, aka kai kifin gidan zu na Landan, da Chris Yates da ya kama mai laba 51 da ɗoriya a wannan tafkin dai a 1980 da masarar gwangwani. Ni ban ce ƙamshi ba ya komai ba, a ruwan da kifi ya sha ƙugiya ya gaji wataƙila sabon wari yana sa ya saki jiki. Amma fam 7 da rabi a kan abin da daddawar sule goma ke yi, ba zan ƙara ba.

20 ga Mayu

Boilin da ke gareji sun yi tauri yadda nake so amma rabi sun yi fumfuna, waɗanda ke tsakiyar ragar ne iska ba ta kai musu. Na zubar da su, sauran na sa a firiza can ƙasa inda uwargida ba ta dubawa.

24 ga Mayu

Ba fatsa. Na tarar an rataye sanarwa a ƙofa an rufe tafki, kifi sun fara barbara. Ruwa ya kai wajen digiri 18. Na tsaya na kalla, suna ta bugun juna a cikin ciyawar gefe ruwa na fantsama, manya-manya waɗanda ban taɓa sanin suna cikin ramin nan ba, akwai wadda na tabbata ta haura laba 25. Duk a gefen da ba shi da zurfi suke, wanda kullum nake wucewa.

31 ga Mayu

Har yanzu a rufe. Na zauna na yi lissafi, ban da sanduna da lasin, abinci da leda da ƙamshi sun ci fam 41, kuɗin shiga kuma ya fi haka. Na koma gwajin leda da sabon gari marar gyaɗa: garin burodi busasshe, dakakkiyar aya da na shanya, gishiri, daddawa, mai kaɗan. Ya zauna a leda kwana biyu bai ci ta ba.

7 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Na nemi a ba ni 'yar hanta in busar in daka a boili, an ce in ma daina wannan maganar.

11 ga Yuni

An buɗe. Na je bayan aiki, yanzu rana ba ta faɗuwa sai bayan tara. Leda ta yi aiki a karon farko ba tare da ta fashe ba, na jefa ta har bakin ciyawar da suka yi barbara, wurin da kwaɓi ba zai kai ba sai ya watse. Na sami ɗaya mai laba 14 da rabi, rama ta kama ta, gefenta duk ƙujewa. Wata ta tsinke min zare a ciyawa. Abin da na lura, a kusa da gaɓa kwaɓin garin kwaki ya fi sauƙi da araha, in nesa ne ko ƙasan akwai ciyawa leda ta fi, don tana rufe ƙugiya har ta sauka.

14 ga Yuni

Jibi Litinin za a buɗe kogi, ina so in gwada kogin Nene. Ruwa mai gudu zai wanke kwaɓina da wuri, don haka zan mayar da shi rabi da rabi, garin kwaki da garin burodi, in gwada a bokiti ina juya ruwan da muciya in ga minti nawa zai riƙe. Ina buƙatar dalma mai nauyi, zare mai kauri, da katin ƙungiyar da ke da wannan yankin na kogin, sai na tambayi nawa ne. Raga da katifa na shanya su a rana sun bushe ƙayau saboda cutar kap da ake ɗauka daga wani ruwa zuwa wani. Aya ta kusa ƙarewa, na jiƙa rabin kilo yau da safe, gobe da yamma zan dafa.